Wa'adin kwana 90: kundin aikin rage hayaƙin injin shinkafa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Takardar jami'an muhalli ta iso yau da hantsi, manaja ya sa hannu ya turo mini ita. Abu huɗu suke nema. A daina cinna wa tulin ɓuntu wuta a bayan katanga, nan take. A rage baƙin hayaƙi da tokar da bututun boila, wato babbar tukunyar samar da tururi, ke fesawa. A kawo sakamakon awon hayaƙin daga ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi. Sannan a sabunta rahoton binciken muhalli, wanda ake yi duk shekara 3, namu kuwa ya kwana biyu da ƙarewa. Wa'adi kwana 90. In aka ƙirga, 2 ga Fabrairu ke nan, kuma ta faɗo Lahadi, don haka a wurina Juma'a 31 ga Janairu ce ranar ƙarshe. A ƙasan takardar an ambaci rufe masana'anta idan ba a cika ba.

Ga wanda bai san wurin ba, matsakaiciyar masana'anta ce a wajen Birnin Kebbi. Muna sayen shanshera daga Suru, Bunza, Augie da Argungu, mu jiƙa, mu turara, mu busar, mu casa. Duk tururin daga boila ɗaya yake fitowa, abincinta kuma ɓuntu ne. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera, wato duk tan 5 da aka casa sai ya bar tan 1. Boilar ba ta cinye shi duka, rarar ce ake jibgewa a baya, in ta yi yawa a sa mata ashana.

Lokacin da aka kafa wurin, bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a nan Birnin Kebbi cikin Nuwambar 2015, daji ne ta kowane gefe. Yanzu gidaje sun iso har jikin katanga ta yamma, akwai islamiyya, akwai masu shanyar wanki. Abin da a da iska ke kwashewa zuwa gonaki, yau a tsakar gidan mutane yake sauka.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Zama da Alhaji mai masana'antar, da manaja da injiniya. Alhaji ya fara da tambayar da na san zai yi: wace doka ce wannan, kuma tun yaushe? Na ce masa ba sabuwa ba ce. An kafa hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a ƙasa, da dokar 2007, ita ta gaji tsohuwar hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda aka kafa a 1988 bayan an gano gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Ƙa'idojin ingancin iska an fitar da su a 2014 aka sabunta a 2021, na masana'antun abinci tun 2009 suke, na hana ƙona abubuwa a fili kuma tun 2011. Dokar tana nan tuntuni, aiwatar da ita ne ya iso ƙofarmu yanzu.

Na zana musu lissafin a allo, daga ƙarshe zuwa farko, domin haka ake ƙirga wa'adi. Idan za a miƙa takardu 31 ga Janairu, dole sakamakon awo ya fito kafin nan, ɗakin gwaji kuma yana son kusan mako biyu. Ke nan a yi awo a tsakiyar Janairu. Kafin awo sai an gama gyara, an kuma bar boila ta yi aiki na wasu kwanaki ta daidaita. Ke nan a gama gyara kafin ƙarshen Disamba. Gyaran kuma ba ya yiwuwa sai an kashe wuta, boila ta huce. Da aka zo nan manaja ya ajiye biro, ya ce, "Malam, a cikin kaka kake so in kashe boila?"

Gaskiyarsa. Shinkafar damina yanzu take shigowa, tireloli na layi a ƙofa, kuma a watannin nan ne masana'anta ke samun abin da za ta ci har bazara. Wanda ya rubuta kwana 90 da kalandar ofis ya yi aiki, mu kuwa ta gona ce ke juya mu. Ban ce laifinsa ba ne, amma haka abin yake.

Alhaji ya yanke cewa a daina ƙona tuli daga yau, a nemo farashin kayan tace hayaƙi, a kuma ba injiniya kwana uku na kashe wuta a Disamba, ba ƙari. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a sayi komai a bar ni in ga yadda ake ba wutar abinci." Ya ce in je in gani.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na kwana tare da masu aikin dare a bakin boila. Wannan daren ya fi duk takardun farashin da aka turo mini amfani.

Shugaban masu wuta dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Tun masana'antar na da tukwane biyu yake nan. Aikinsu da hannu ne: yara biyu na turo ɓuntu a baro, Baba da mataimakinsa na watsa shi cikin tanderu da shebur ta wata ƙofar ƙarfe da ta riga ta lanƙwashe saboda zafi. A gefe akwai agogon matsin tururi, gilashinsa ya tsage, idon Baba a kansa yake ko da yana magana da kai.

Daga bayan isha'i zuwa wajen sha ɗaya komai lafiya. Baba na watsa shebur biyu zuwa uku, ya rufe ƙofa, wuta ta yi ja mai haske. Na fita na haska bakin bututu da tocila, hayaƙin siriri ne, da kyar ake ganinsa. Sai ga yaro daga ɓangaren gumi a guje, wai a ba su tururi, tukwane huɗu sun gama jiƙa lokaci guda. Suna buɗe bawul allurar agogo ta fara sauka. Nan fa aka hau ɗura ɓuntu baro-baro, ba watsawa, zubawa kawai. Tulin ya danne garwashi, wutar ta koma ja mai duhu, hayaƙi ya fara tsartowa ta gefen ƙofa har idona ya yi ruwa. Na sake fita. Baƙi ƙirin, kuma ina ji toka na sauka a kafaɗata. An kai kusan rabin sa'a a haka kafin ta farfaɗo.

Na ce, "Baba, me ya sa ba a ci gaba da watsawa kaɗan-kaɗan?" Ya share fuska da hularsa ya ce, "Ɗana, wutag ga ba ta son gaggawa, na sani. Amma in allura ta faɗi, ni za a kira ofis, ba masu gumi ba."

Abin da ke faruwa a ciki ba boyayye ba ne. Ɓuntu na shiga zafi sai ya fara sakin iskar da ke cin wuta, ita kuma tana buƙatar iskar shaƙa a saman garwashin kafin ta ƙone. Idan aka jibga da yawa lokaci guda, iska ba ta isa, zafin tanderu ya sauka, abin da ya kamata ya zama wuta sai ya fita a matsayin baƙin hayaƙi. Wato makamashin da muke fesa wa maƙwabta namu ne, asara biyu.

Na lura da wasu abubuwa biyu. Ɓuntun da ake ɗebowa da asuba a jiƙe yake, saboda raɓa da kuma wani bututun tururi da ke ɗiga a kansa. Yaran kuma suna kwaso shi har da yashin ƙasa. Sannan ramukan da aka yi wa tanderun don shigar iska ta sama duk an toshe su da laka, wai don kada zafi ya tsere. Ba wanda ya tuna wa ya fara yin haka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun sauya jadawalin gumi. Yanzu ba a buɗe wa tukwane fiye da biyu tururi lokaci guda, kuma an raba lokacin jiƙa yadda ba za su nuna tare ba. Shugaban ɓangaren gumi ya yi ƙorafi cewa za a rage masa buhunan da yake fitarwa, sai ga shi a makon nan bai ragu ba, domin lokacin da a da ake ɓatawa ana jiran allura ta tashi ya koma aiki. An buɗe ramukan iska, an ɗaure bututun da ke ɗiga, an kafa rumfar kwano a kan ɓuntu.

Da yamma mai unguwa ya zo da dattawa biyu da wata Hajiya mai magana da yawun matan layin. Ashe su suka kai ƙara, kuma ba su ɓoye ba. Hajiyar ta zo da farin ɗankwali a leda, ta warware shi a kan tebur, duk ɗigon baƙi. Ta ce jiya ta shanya shi. Ta ce yara na tari, ga kuma ruwan randa da ake samun toka a kai ko an rufe. Manaja ya so ya kawo zancen hunturu, mai unguwa ya ce, "Yallaɓai, ƙurar hunturu mun san ta tun muna yara, ba ta baƙanta tufafi." Ba wanda ya ƙara cewa komai a kan haka.

Na ba mai unguwa lambar ofis, na roƙe shi duk lokacin da suka ga baƙi a bututu ya sa a kira, ko da tsakar dare ne, a faɗi ƙarfe nawa. Da wannan zan riƙa gane wane rukunin ma'aikata ne ke kan aiki.

Talata, 3 ga Disamba

Farashi ya iso daga wurare uku, kuma hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce gyara abin da muke da shi. Tsakanin boila da bututu akwai saiklon, akwatin ƙarfe mai ɗauke da ƙananan mazurarai. Hayaƙi na shiga ya yi ta juyawa da ƙarfi, toka mai nauyi ta bugi bango ta gangara ƙasa. Yana kama manyan ƙwayoyi sosai, amma waɗanda suka gaza maikiron 10 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) da yawansu wucewa suke yi, kuma su ne masu shiga huhu. Wannan ita ce mafi araha, masu waldarmu ma za su iya.

Ta biyu mawankin hayaƙi ne, inda ake fesa ruwa a cikin hayaƙin ya wanke tokar. Wani maƙeri a Kano ya ce zai haɗa shi cikin mako biyar. Alhaji ya so wannan, don zai shiga cikin wa'adi. Ni ban so ba. Ruwan da ya wanke toka baƙar laka yake zama, kuma magudanarmu fadama take nufa, inda mutane ke noman rani. Ga ruwan jiƙa da tuni muke fama da warinsa. Sai mu fita daga takardar iska mu faɗa ta ruwa, a gaban jami'an nan dai.

Ta uku matatar jakunkuna ce, dogayen jakunkunan yadi da hayaƙi ke ratsawa, toka ta maƙale a jiki, iska mai ƙarfi ta riƙa kakkaɓe ta lokaci-lokaci. In tana lafiya takan kama sama da kashi 99 cikin 100 na ƙura. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tartsatsi ɗaya na iya cinye jakunkunan, don haka dole saiklon mai kyau ya tsaya a gabanta. Yadin foliyesta ba ya jure zafin da ya wuce digiri 150, sai an sayi mai tsada irin Nomex da ke kaiwa wajen 200. In kuma hayaƙin ya yi sanyi da yawa, danshi zai liƙe yadin ya toshe. Daga Indiya za a kawo ta, ta jirgin ruwa zuwa Legas, sannan a ɗauko ta a mota. Ba yadda za a yi ta iso kafin Fabrairu.

Kuɗi ma ba su zo a lokaci mai daɗi ba. Dala ta haura naira 1,600, Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a makon jiya, ga kuma dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a Yuli, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Duk mai injin shinkafa a jihar nan hankalinsa na kan abin da hakan zai yi wa farashi. Alhaji ya daɗe yana juya takardun, daga baya ya ce a gyara saiklon yanzu, a biya kafin alƙalami na matatar jakunkuna, in ya so a nemi ƙarin lokaci. Na ce masa ƙarin lokaci da rasit ake nemansa, ba da baki ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

An biya kafin alƙalami, an buɗe takardun banki na shigo da kaya. Ƙwararren da zai rubuta rahoton binciken muhalli ya zo ya zaga, ya ɗebi ruwan magudana. Kiran mai unguwa ya ragu sosai, waɗanda suka zo kuma duk tsakanin ƙarfe uku da asuba ne. Sabon mataimaki ne a rukunin, barci ke ɗaukarsa, in ya farka ya rama da baro. An mayar da shi rana, kusa da Baba.

Juma'a, 20 ga Disamba

An kashe wuta tun daren Laraba. Yau da safe aka kwance murfin saiklon, ni da injiniya muka leƙa da fitila.

Mazuraran da yawa sun huje. Wasu ramin ya kai a zura yatsa uku, gefensa sumul, yana sheƙi. Tokar ɓuntu kusan duk silika ce, sama da kashi 80 cikin 100, wato dangin yashi, kuma shekaru ta yi tana gurzar ƙarfen nan dare da rana. Wasu mazuraran kuma a toshe suke da toka da ta daskare, sai da aka sa guduma da kurfi. Amma abin da ya fi ɗaure wa injiniya kai yana ƙasa. Ƙofar da ake kwashe toka ta nan ba ta rufuwa, an tokare ta da bulo, an cusa tsohon buhu a gefe. Fankar da ke jan hayaƙi tana bayan saiklon, saboda haka duk wata kafa iska take zuƙowa daga waje. Iskar nan na shigowa ta ƙasa sai ta ɗauki tokar da aka riga aka kama ta mayar da ita sama, ta fita ta bututu. Injiniya ya ce da wannan bulon, da saiklon ɗin da babu duk ɗaya.

Masu walda sun kwana suna aiki. An yanko sababbin mazurarai daga farantin ƙarfe mai kauri, an haɗa ƙofa mai murfi biyu, na sama ya buɗe toka ta sauko ya rufe, sannan na ƙasa ya buɗe, yadda iska ba za ta samu hanya ba. Fukafukan fanka ma sun cinye ta gefe guda, shi ya sa take girgiza tana kashe boris. An cike su da walda, an daidaita nauyinsu.

Tun da wuta na kashe, na sa aka huda ƙofofin awo biyu a jikin bututu, aka kafa dandamali da tsani mai makari. Ƙa'idar da masu awo ke bi ita ce ƙofar ta yi nisan faɗin bututu sau 8 daga lanƙwasar da ke ƙasa, da sau 2 daga bakin sama, don hayaƙin ya miƙe kafin a ɗiba. Da ba a yi shi yau ba, da sai an sake kashe wuta a Janairu, abin da manaja ba zai ko saurara ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Saiklon na kamawa, sai wata matsalar ta fito: toka. A da iska ke raba mana ita kyauta, yanzu baro-baro ake kwashewa. Ɓuntu kan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa a matsayin toka, kuma ba ta da nauyi, ko tafiya ka yi kusa da tulin sai ta tashi. Yaran da ke kwashe ta fuska fari fat suke fitowa, an ba su takunkumi sun rataye a wuya.

Na tara su a inuwar sito. Ban yi musu dogon bayani kan silika da yadda take taurara huhu ba, na dai tambaye su ko sun ji labarin Zamfara a 2010. Wasu sun ji. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa dutsen zinariya a busasshe cikin gidaje, ƙurar na ɗauke da dalma, yara sama da 400 suka rasu kafin a shawo kan abin. Na ce musu tokarmu ba dalma ba ce, kada su je su ce na ce haka. Amma can ma ƙura ce da kowa ya raina, kuma cikin abubuwan da aka koma yi har da jiƙa dutsen kafin a niƙa. Mu ma daga yau ba mai taɓa toka sai an yayyafa mata ruwa, ba kuma mai shiga wurin ba takunkumi.

Wani mai buga bulo ya ɗauki tifa ɗaya zai gwada haɗawa da siminti. Manoman albasa daga wajen Aliero ma sun tambaya. Rarar ɓuntun da aka daina ƙonawa kuwa masu kiwon kaji na ɗiba don shimfiɗa, sai dai ba sa ɗiba da saurin da yake taruwa, tulin ya kusa kai tsayin katanga. Wannan yana damuna, ko don gobara.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe gari, daga ƙofa ba a ganin bakin bututu. Masu awo sun ce za su zo ranar 16. Na kira shugabansu kan abu guda. Bayan awon cikin bututu za su auna iskar bakin katanga, a irin wannan yanayi kuwa ko an kashe masana'antar gaba ɗaya awon zai yi sama. Ƙurar nan daga Sahara take, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce a yini guda kada ƙura mai girman maikiron 10 ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska, mai girman 2.5 kuma kada ta wuce 15. Ranar hazo irin ta yau ba unguwar da za ta tsallake wannan a Kebbi.

Mun daidaita cewa za a kafa na'ura biyu lokaci guda, ɗaya ta arewa maso gabas inda iska ke fitowa, ɗaya ta kudu maso yamma inda take zuwa bayan ta ratsa mu. Bambancin da ke tsakani shi ne namu. Manaja ya ce ashe hunturu zai rufa mana asiri. Na ce a katanga wataƙila, a cikin bututu kuwa babu hunturu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sun iso da safe su uku. Kafin su hau, wani daga cikinmu ya kawo shawarar a rage aiki yau, a bar tukunya ɗaya kawai don hayaƙi ya yi kyau. Na ƙi, injiniya ma ya ƙi. Masu awon suna rubuta matsin tururi da yawan ɓuntun da ake ci, jami'ai kuma sun san girman boilarmu. Ban da haka, da wannan sakamakon za a daidaita matatar da ke tafe, in aka yi masa kwalliya kanmu muka cuta.

Sun zura dogon bututun ƙarfe ta ƙofar awo, suna matsar da shi daga wuri zuwa wuri a faɗin bututun, famfo na zuƙo hayaƙi daidai da saurin da yake tafiya a ciki. Zagaye uku suka yi. Da suka ciro takardar tacewa ta farko na duba, launin toka ne mai haske, ba baƙi ba. Baba ya tsaya a ƙasa yana kallo, bai ce komai ba, amma yau ko sau ɗaya allura ba ta faɗi ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Sakamako ya zo. Duhun hayaƙi ya shiga cikin iyaka, iskar kabon monoksaid ma haka, kuma waɗannan biyun aikin jadawalin gumi ne da shebur ɗin Baba, ba a kashe musu kuɗin kirki ba. Ƙurar cikin bututu kuwa har yanzu tana sama da iyakar da aka rubuta mana. Ba ta yi nisa sosai ba, amma sama take. Haka na zata, siririyar toka ce da saiklon ba ya iya kamawa. A katanga, na'urar kudu maso yamma ta fi ta arewa maso gabas da kaɗan, masu awon kuma sun ce wani ɓangare na bambancin daga tulin ɓuntu da hanyar tireloli yake, ba daga bututu ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Mun miƙa takardu yau, ban jira gobe ba. A ciki akwai rahoton binciken muhalli, sakamakon awo yadda ya zo, hotunan saiklon kafin gyara da bayansa, rasit na matatar jakunkuna da takardar lodin jirgi, sai wasiƙar neman ƙarin lokaci zuwa 30 ga Afrilu kan ƙura kaɗai. Mai unguwa ma ya rubuto nasa, ya ce baƙin hayaƙi ya ragu ƙwarai amma har yanzu ana ganin farar toka in iska ta juyo. Manaja ya so a cire jimlar ƙarshen. Na bar ta, ita ce ke sa a yarda da ta farkon.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Jami'ai biyu sun zo ba sanarwa, wajen ƙarfe goma. Babbar cikinsu ba ta zauna a ofis ba, kai tsaye bakin tanderu ta nufa. Ta gaida Baba, ta tsaya tana kallon yadda yake watsa ɓuntu, ta buɗe littafin da muke rubuta matsin tururi da launin hayaƙi duk sa'a, ta yi ta juya shafukan dare. Ta sa aka buɗe mata ƙofar toka ta ga murfin biyu na aiki. Daga nan ta zaga baya, ta tsaya gaban tulin ɓuntu ta ce, "Malam, wannan fa?"

An ba mu zuwa 30 ga Afrilu, da sharuɗɗa: rahoto duk ƙarshen wata, a kwashe tulin ɓuntu ko a rufe shi kafin ƙarshen Fabrairu, a riƙa yayyafa wa hanyar tireloli ruwa, a kuma sake awo bayan an kafa matata. Ta ce ba za a ƙara ba daga nan. A ganina sun yi adalci. Sabon wa'adin ma ya fi dacewa da mu, domin shansherar damina na ƙarewa a Maris, ta rani kuma sai wajen ƙarshen Afrilu take fara shigowa da yawa, a tsakanin nan kashe wuta ba ya yi wa kowa ciwo.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. An mayar da yawancin aikin gumi dare, masu wutar rana an rage musu sa'o'i, don tsayuwa gaban tanderu da ƙishirwa ba wasa ba ne. An kwashe fiye da rabin tulin ɓuntu zuwa wani fili da Alhaji ya yi haya nesa da gidaje, sauran an lulluɓe shi da tamfol. Mai bulo ya dawo ya ɗauki tifa biyu, wannan karon da kuɗinsa.

Kwantena ta sauka Legas, tana jiran kwastan. An zuba kankaren da matatar za ta zauna a kai, yana buƙatar kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi, wato sai bayan Sallah. Injiniya na neman mako guda na kashe wuta daga 7 ga Afrilu, manaja ya ce kwana biyar. Masu awo sun ba mu 17 ga Afrilu. Abin da ba a saya ba tukuna shi ne kwamfuresar da za ta riƙa kakkaɓe jakunkunan, wadda ba ta cikin kayan da aka turo. Gobe injiniya zai tafi Kano dubawa.